Iska ma tana shan mai: martani kan tsofaffin Hiyas na hanyar Dungu

Kwanan baya wani marubuci ya yi dogon rubutu yana yi wa masu maganar rage kukan iska a jikin tsofaffin motocin haya dariya. A ganinsa wannan zancen ƙoshi ne, irin na mutanen Turai masu shimfiɗaɗɗen titi da sababbin motoci. Ya buga misali da Hiyas ɗin da ke jigilar mutane da damman rake daga Dungu zuwa Matamaye da Damagaram, yana ganin motar da ta haura shekara ashirin a kan hanya, birkinta na neman taimako, tayoyinta sun sha faci, ba ta da lokacin wata iska. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Ya ƙara da cewa Hiyas akwati ce, akwati aka ƙera ta, kuma akwati za ta mutu. Ƙara ba ta kisa. Duk wanda ya kashe kuɗinsa a wannan hanya ya saya wa motarsa kwalliya ne kawai.

Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma na san direbobi da yawa za su gyaɗa kai. Sai dai abin da ya karantar da su zai riƙa fita daga aljihunsu kullum, shi ya sa ban ga dalilin yin shiru ba.

A wuri ɗaya Malam marubucin ya yi gaskiya, kuma gara a ba shi abinsa tun da wuri. A hanyoyin ƙauyukan Dungu, inda yashi ke riƙe taya, direba na lallaɓawa a giya ta biyu yana kauce wa rami da amalanken shanu, iska ba ta da wani tasiri da za a zauna ana lissafi. Dalili kuwa shi ne tokarewar da iska ke yi wa mota ba ta tafiya daidai da gudu. In gudu ya ninka biyu, tokarewar ta ninka huɗu. In ya ninka uku, ta ninka tara. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana fama ne da kashi ɗaya cikin tara na abin da za ta gamu da shi a gudun 90. Har nan ba mu da saɓani.

Amma wace Hiyas ce ke kwana a cikin yashi? Yawancin kilomitocin da take ci a rana a kan kwalta take cin su: Matamaye zuwa Kance, zuwa Takeita, a karya gabas a hau babbar hanyar Damagaram, ko kuma a yi kudu zuwa Dan Barto a nufi Kwangwalam da Daura. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gaba ya san allurar gudu ba ta tsayawa a 60 a waɗannan hanyoyi, in ma allurar tana aiki. Lissafin da ya wanke Malam a cikin yashi shi ne kuma yake kama shi a kan kwalta.

Ga wani abin da bai sa a ma'auni ba. Lokacin da raken fadamun Dungu ke fita da yawa shi ne lokacin hunturu, ita kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Mai zuwa Damagaram daga Matamaye arewa yake yi sannan ya yi gabas, wato cikin bakinta yake shiga, da cikakken lodi. Mota ba ta san gudun da allura ke nunawa ba, gudun iskar da ke dukan goshinta ta sani. In direba yana kan 80, iska kuma tana zuwa masa gaba da gaba da gudun 20, to motar tana jin 100 ne, tokarewar kuma ta ƙaru da fiye da rabi. Direbobi sun san wannan ko ba su iya faɗinsa da lambobi ba. Za ka ji suna cewa yau motar ta yi nauyi, alhali lodin jiya ne a kanta.

Sai maganar lodin kansa. Hiyas ɗin da Toyota ta riƙa ƙerawa daga 1989 zuwa 2004, wadda ita ce ta cika tashoshinmu, faɗinta bai kai mita 1.7 ba, tsayinta kuma wajen mita biyu. Fuskar da take tura wa iska kimanin murabba'in mita uku ce. Idan aka tara kaya a samanta suka kai tsayin mita ɗaya, suka kusa cika faɗin keriya, an ƙara wa wannan fuska kusan rabinta, kuma ƙarin ba mai santsi ba ne, buhuna ne da bokitai da jarkoki da ƙafar babur. Ɗalibin kimiyya zai iya yin ƙiyasin a bayan littafinsa: a gudun 90, Hiyas marar komai a ka tana kashe ƙarfin doki wajen 16 wurin ture iska kawai. Da wancan tulin kaya adadin yana iya kusantar 30. Injin gazuwal mai lita 2.8 da ke cikin da yawansu ƙarfin doki kimanin 90 yake bayarwa ranar da ya fito daga kamfani, balle yau da ya sha hannun bakanike. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin tsohon inji ba abin da za a kira zancen ƙoshi ba ne. Hukumomin makamashi na Amurka ma sun auna akwatin kayan da ake ɗora wa ƙananan motoci a ka, wanda bai kai rabin lodinmu ba, suka ce a gudun babbar hanya yana rage nisan da lita ke kai mota da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari.

Hujjar da Malam ya fi tinƙaho da ita ita ce ta akwati, kuma ita ce ta fi rauni. Akwati da akwati akwai bambanci. A 1949 kamfanin Volkswagen na Jamus yana gwada samfurin farko na ƙaramar bas ɗinsa, ɗaya daga cikin kakannin waɗannan motoci masu siffar burodi. Injiniyoyi suna da ma'aunin da suke auna yadda siffar mota ke ratsa iska, yawan lambar yawan wahala, samfurin farkon kuma ya ba da 0.75. Aka kai ƙananan samfura jami'ar fasaha ta Braunschweig, aka sa su a ɗakin da ake hura iska da manyan fankoki, aka lanƙwasa goshin motar aka goge kusurwoyinta. Lambar ta sauko 0.44, ƙasa da ta ƙaramar motar kamfanin mai siffar kunkuru, wadda ke da 0.48. Motar da ta fito kasuwa a 1950 ba ta daina zama akwati ba.

A 1973 kuma, shekarar da farashin mai ya gigita duniya, wani injiniyan hukumar NASA mai suna Edwin Saltzman da abokan aikinsa a Edwards da ke Kaliforniya suka ɗauki wata tsohuwar bas, suka lulluɓe ta da fallayen alminiyam har ta zama akwati mai kaifin kusurwa. Awonsu bai buƙaci wata babbar na'ura ba: a kai motar wani gudu, a sake ta, a duba tsawon lokacin da za ta ɗauka tana rage gudu. Da suka zagaye kusurwoyin, tokarewar iska ta faɗi da fiye da rabi, wurin zuba kaya kuma bai ragu da abin da ya wuce kashi uku cikin ɗari ba.

Abin da waɗannan gwaje-gwaje biyu suka nuna shi ne wahalar tana kusurwar gaba, inda iska ke karo da kaifi ta balle daga jikin mota ta koma guguwa. Toyota ta riga ta zagaye goshin Hiyas tun a kamfani. Mu ne muke mayar da kaifin a tasha, da hannunmu, duk safiya.

A tsaya a kalli yadda ake lodi. Yaron mota yana sama, ana miƙa masa kaya daga ƙasa, abin da ya fara zuwa hannunsa shi yake fara ajiyewa, kuma daga gaba yake farawa. Sai ka ga buhunan da suka fi girma sun tsaya cak a saman gilashin gaba, sun yi bango. A kansu a kifa manyan robobin wanka, wani lokaci bakinsu na kallon gaba yana kamfatar iska. Katifa a can ƙoli, igiya ɗaya ta ratsa tsakiyarta, gefenta na gaba yana ɗagawa da zarar an wuce 50. Jarkokin da babu komai a ciki a rataye su a gefe, su ƙara wa motar faɗi. Tamfol kuwa, in akwai, a yafa shi daga sama a ɗaure kusurwoyi huɗu, bakinsa a buɗe ta gaba, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta kumbura shi, yana kaɗawa har Damagaram. Shi ya sa tamfol ba ya daɗewa a hannun direbobinmu, sai su ce na yanzu ba shi da ƙwari.

Waɗannan kaya ɗin dai, ba tare da an rage ko buhu ɗaya ba, ana iya shirya su wata hanya. A ja da baya kaɗan daga bakin gilashi, a fara da ƙananan kaya, tsayin ya riƙa hawa a hankali zuwa tsakiya, ya ɗan sauka ta baya. Damman rake dama a tsaye da tsawon mota suke kwanciya, sai a sa su a ƙasa su zama shimfiɗa, ganyen yana kallon baya. Robobi a kife su a cusa juna. Tamfol a fara cusa bakinsa a ƙarƙashin kayan gaba, a ja shi baya a ɗame, inda ya haɗu da wani a sa na gaba ya hau kan na baya, igiya ta bi shi a wurare da yawa. Abu mai nauyi, irin buhun gero, in da hali ya sauka ƙasa cikin mota, don nauyi a ka shi ne ke sa Hiyas ta yi tangaɗi in babbar mota ta gifta ta, kuma shi ke kifar da ita in taya ta fashe. Ban ga inda za a kashe ko dala a cikin wannan ba. Minti goma ne na yaron mota.

Mu koma kan ƙara, wadda Malam ya ce ba ta kisa. Da farko ba ƙara ɗaya ba ce, kuma kowacce da inda take fitowa. Wadda ke canzawa in an canza giya alhali gudu bai canza ba, ta inji ce. Wadda ke canzawa in an sauka daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi, ta taya ce. Gurnanin da ke ƙaruwa in an karya kwana ta gefe ɗaya ya ragu ta ɗayan, wannan boris ne yake sallama. Ta iska ita ce ke sauya murya in hanya ta juya ko in an shiga inuwar babbar mota.

Fiton da keriya ke yi in babu kaya a kanta yana da tsohon bayani. A 1878 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Cek, Vincenc Strouhal, ya gano cewa in iska ta ratsa waya ko sanda mai zagaye, sautin da ke fita yana bin gudun iskar da kaurin sandar. Iskar tana ballewa ne daga gefe ɗaya, sannan ɗayan, bi da bi, a kan ƙa'ida. Bututun ƙarfe mai kaurin santimita biyu da rabi, irin wanda masu walda ke haɗa keriya da shi, a gudun 90 yana sakin wannan ƴar guguwa wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya, rufin motar kuma ya karɓa ya ƙara mata amo a kan fasinja. Maganinsa ma sananne ne. A ƙarshen shekarun 1950 Christopher Scruton na cibiyar gwaje-gwajen kimiyya ta Ingila ya nuna cewa in aka naɗa wa dogon bututun hayaƙin masana'anta wani ƙarfe a murɗe daga sama zuwa ƙasa, guguwar ba ta samun haɗa baki, bututun ya daina rawa. Igiyar da ta kai kaurin ɗan yatsa, a naɗa ta a murɗe a jikin sandar gaba ta keriya, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin naɗi da naɗi, aikin da take yi ke nan. Wanda ya fi son abu mai ɗorewa, mai walda a Matamaye zai iya yanka masa fallen ƙarfe ya kafa shi a karkace a gaban keriya, da sharaɗin a ɗaure shi da noti, kada wata rana ya tashi ya faɗa kan na baya.

Sauran ƙarar daga robobin ƙofa take shigowa. Rana da ƙura sun busar da su, sun tsage, wasu ma an cire an yar. Ƙofar gefe mai zamewa, wadda ake buɗewa sau ɗari a wuni, ƙananan tayoyinta sun cinye, ta sunkuya, ta bar kafa a sama. Gane wurin ba wuya: a rufe ƙofa a kan takarda a ja, inda ta zare ba gardama nan iska ke shiga. Ko a liƙe kafa ɗaya da salatif a yi ɗan gudu a saurara, a cire a liƙe ta gaba. Tagogi dai dole a buɗe su, babu mai cewa a rufe mutum goma sha tara cikin zafin watan Afrilu a motar da na'urar sanyinta ta mutu tun kafin ta iso ƙasar. Amma bugun da ke cika kunne in taga ɗaya ce kawai a buɗe yana lafawa da zarar an ɗan zuge wata a ɗaya gefen ta baya.

A ƙofar baya ne zancen Malam na cewa ƙara ba ta kisa yake rushewa. Bayan mota mai siffar akwati wuri ne da iska ke barin rami, tana jujjuyawa tana tsotsar duk abin da ke kusa, bakin salansa kuma nan yake. In robar ƙofar baya ta mutu, ko an bar ƙofar a ɗage an ɗaure ta da igiya saboda kaya sun yi yawa, ga tagogin gefe a buɗe suna zuƙe iskar ciki, to ƙura da hayaƙi ta baya suke shigowa. Kowa ya ga yadda fasinjan kujerar ƙarshe ke sauka da jan gira da jan rawani alhali na gaba fes. Ƙurar ana ganinta. Gubar da ke cikin hayaƙin, musamman na motar isansi, ba ta da launi ba ta da wari, ciwon kai da jiri da barci take sawa, kuma mata da yara ne aka fi turawa wannan kujera. Kafar da ke fito ita ce kafar da hayaƙin ke bi.

Sannan Malam ya ce a fara da birki da taya. Na yarda, Allah gafarta Malam, amma da me direba ke gane taya ta fara rabuwa ko boris ya fara ci, tun kafin su kai shi daji? Da kunne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da shi shi ne kada mutum ya wuce awa takwas a cikin ƙarar da ta kai desibel 85, direban haya kuwa yana wuni da taga a buɗe dab da kunnensa na hagu, shekara da shekaru. Wanda tamfol ke yi wa tafi a ka, keriya na fito, ƙofa na huci, ba zai ji ƙaramin gurnanin da ya kamata ya tsayar da shi a Kance ba. Sabon da Malam ke yaba wa direbobi da shi, cewa kunnensu ya saba, wani ɓangarensa kurumta ce ke shigowa a hankali.

Game da kayan kwalliya ba ni da ja. Ƙananan fikafikan roba da ake mannawa a rufi, da wutsiyar da ake ɗaura wa bayan mota, in ba a gwada su a kan wannan siffar mota aka san daidai inda za su zauna ba, ado ne, kuma a bayan tulin kaya ko iskar kirki ba sa gani. Kuskuren Malam shi ne ya ga masu sayar da waɗannan ya ɗauka su ne dukan zancen.

Da a shekarun baya ya yi rubutunsa, da na fahimci inda ya dosa. Lokacin da ƴan ruwa-ruwa ke shigo da man Najeriya mai rahusa ana sayarwa a kwalabe a kowace kwana, lita ɗaya ko biyu ba ta tayar wa direba hankali. Wannan zamani ya wuce tun 29 ga Mayun 2023, ranar da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin Damagaram ganga dubu 20 take iya tacewa a rana, kuma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na Nijar. Ko da ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024, litar isansi a sefa 499 ta tsaya, ta gazuwal 618. Mu ƙaddara, don misali kawai, mota tana yin kilomita 200 a rana tana shan lita 12 a kowace ɗari. Lita 24 ke nan. In gyaran lodi da ɗan sassauta ƙafa suka rage kashi ɗaya cikin goma, an tsira da kusan jika ɗaya da rabi a rana a motar gazuwal, wajen jika 37 a kwanakin aiki 25. Kuɗin birkin da Malam ke nema ga su nan. Sassauta ƙafar kuwa ita ce mafi arha duka: sauka daga 100 zuwa 80 yana rage tokarewar iska da kashi 36 cikin ɗari, abin da ake biya kuma minti goma sha biyar ne a tafiyar kilomita ɗari.

To me ya sa ba a yi? A nan nake ganin rubutun Malam ya wuce ainihin matsalar bai gan ta ba. Wanda ke ɗaura kaya ba shi ke sayen mai ba. Ɗan kamasho burinsa mota ta cika ta tashi ta gaba ta shigo layi. Masu lodi da yawan kaya ake sallamarsu. Mai mota yana gida yana jiran abin da aka yanka za a kawo masa da yamma, ko an sha lita ashirin ko talatin. Direba kaɗai ne ke biyan kuɗin bangon da aka gina masa a ka, shi kuma lokacin lodi yana wurin mai shayi. Robar ƙofa kuma ta mai mota ce, wanda ba ya zama a kujerar baya.

Gardamar nan ana iya raba ta ba tare da an je Jamus ba. A samu direba ɗaya mai bin hanyar Matamaye zuwa Damagaram, ya cika tanki har baki, ya yi mako guda yadda ya saba, yana rubuta kilomita da litar da ya zuba. Mako na biyu ya tsaya a kan lodinsa da kansa, ya ɗame tamfol, kada ya wuce 80 a kan kwalta. A yi duka biyun cikin yanayi ɗaya, kada a haɗa makon hunturu da na bazara. Malam ya zaɓi direban da kansa, ya kuma riƙe littafin.